Yadda ake haɗa wa dattijo mai raunin ji wayar da ke rubuta magana a Amurka

Kawuna ya yi sama da shekara 20 yana tuƙin tasi a New York kafin jinsa ya fara raguwa. In kuna zaune tare ba ka gane komai, domin bakinka yake kallo yana cike abin da ya kuɓuce masa. A waya asiri ke tonuwa. Sai ka ji yana ta "na'am? na'am?", can ya ce "to, shi ke nan", ya kashe, alhali ko rabin maganar bai kama ba. Tun da na haɗa masa wayar da ke rubuta magana, mutane da dama a masallacinmu na Bronx sun nemi in yi wa iyayensu, kuma waɗanda suka fara gwadawa da kansu kusan duk wuri ɗaya suka yi tuntuɓe. Ni ma nan na yi nawa, shi ya sa zan fi daɗewa a kansa.

Tsarin dai shi ne mutum ya yi magana da bakinsa kamar kullum, ya ji iya abin da kunnensa ya ɗauka, abin da wancan ɓangaren ya faɗa kuma ya riƙa fitowa a rubuce a fuskar waya. Kyauta ne ga mazaunin Amurka mai raunin ji. Tushensa dokar ADA ta 1990 mai kare haƙƙin masu buƙata ta musamman, hukumar sadarwa ta FCC kuma ta amince da wayar rubutu a 2003, sannan ta amince da mai aiki da intanet a 2007. Wani asusu da kamfanonin waya ke zuba wa kuɗi shi ke biyan aikin minti-minti. Don haka duk wanda ya ce maka sai ka biya kuɗin wata kafin rubutu ya fito, ka nemi wani wurin.

Fara da zaɓi tsakanin wayar girke da manhaja. Kamfanonin CapTel da CaptionCall da ClearCaptions suna da wayar girke mai faffaɗan allo, irin su InnoCaption da Nagish kuma manhaja ce da ake sa wa wayar hannu. Ƙa'idata ita ce, in dattijo ya haura 70, yana wuni a gida, kuma ido ma ya fara gajiya, wayar girke za a ba shi, ba sai an yi shawara ba. Tana buƙatar wuta da intanet na gida, amma rubutunta manya ne, kuma yana ɗaga kan waya yadda ya saba tun yana saurayi. Wanda ke fita aiki ko kasuwa kuwa manhaja ce tasa. Kada ka sayi tsohuwar wayar girke a hannun wani don neman sauƙi, domin yawancin kamfanonin kyauta suke bayarwa, wasu ma har gida suke turo mai haɗawa. Iyaka wani kamfanin ya nemi sa hannun likitan kunne.

Sai rajista. Za a nemi cikakken suna, da adireshi, da ranar haihuwa, da lambobi huɗu na ƙarshe na Social Security, sannan mai wayar ya tabbatar da kansa cewa lallai yana da raunin jin da ke hana shi fahimtar magana a waya. Ka ajiye katin shaidarsa a gabanka ka kwafi sunan harafi bayan harafi. Mu mutanenmu suna ɗaya kan zo da rubutu uku: Muhammad a wannan takarda, Mohammed a waccan, Mahamadou ga wanda ya taso daga Nijar. In sunan bai dace da na takardun hukuma ba, rajistar takan tsaya, a koma neman hoton kati. Adireshin kuma a sa na inda yake kwana da gaske, har da lambar ɗaki, domin shi ake dogara da shi in ya kira 911, lambar neman agajin gaggawa. In ya tashi daga gidan, ranar nan a sauya.

Yanzu ga inda ake faɗuwa. Manhajar takan ba mutum sabuwar lamba tata. In shi ya kira ta cikin manhajar, rubutu zai fito, kowa ya yi murna, a ɗauka aiki ya ƙare. To amma duniya tsohuwar lambarsa ta sani. Asibiti, da kemis, da ofishin inshora, da mai gidan haya, duk ita za su kira, wayar ta yi ƙara yadda ta saba, ya ɗauka, babu rubutu ko layi ɗaya. Haka ta faru da Kawu. Kwana huɗu da haɗawa aka kira shi daga asibitin da yake zuwa, aka ce an matso da ranar ganin likitansa. Ya ji kalmar Talata, bai ji wace Talatar ba, ya yi kunyar sake tambaya karo na uku. Ranar ta wuce, sai da muka jira makonni kafin a ba shi wata. Da na je gidansa na tarar ya tura manhajar can shafin ƙarshe, ya ce min, "Ɗana, abin nan naka ba ya yi." Na ce, "Kawu, ku yi haƙuri, aikin ne ban ƙarasa muku ba."

Maganin shi ne karkatar da kira daga tsohuwar lamba zuwa sabuwar. A layin Verizon ana danna *72, a bi da sabuwar lambar, a kira. In za a cire, *73. A layin T-Mobile kuwa **21* ake fara dannawa, sai 1 da lambar, a rufe da #, cirewa kuma ##21#. Wasu manhajojin suna da maɓallin da ke yin wannan da kansu, amma ni ban yarda da shi ba sai na gwada. Tsaya kusa da shi, ka kira tsohuwar lambarsa daga wayarka, ka ga da idonka manhajar ce ta yi ƙara. Sannan ka kulle wayarsa, ka bar ta minti goma a kan tebur, ka sake kira. Wannan gwaji na biyu shi mutane ke tsallakewa, kuma shi ke nuna ko wayar tana kashe manhajar a ɓoye don tattalin batir. In ba ta yi ƙara ba, shiga saiti ka ba ta izinin sanarwa, ka cire ta daga jerin waɗanda ake taƙaita wa batir. Wasu layukan da ake biya kafin amfani ba sa karɓar karkatarwa sam. In nasa irin su ne, zauna da shi yini guda ku kira asibiti da kemis da banki a sauya lambar a takardunsa. Saƙon tes ba ya bin karkatarwa, saboda haka lambobin sirri da banki ke turowa za su ci gaba da shigowa tsohon layin, kada a yar da shi.

Bayan haka ka yi masa kira uku ko huɗu na koyo kafin ya fuskanci baƙo. Rubutun yana biyo maganar a baya da 'yan daƙiƙoƙi, in ya yi shiru yana karatu wancan sai ya zaci layi ya yanke. Koya masa ya faɗa tun farkon kira cewa yana karanta maganar a rubuce ne, a ɗan saurara masa. Ya kuma riƙa maimaita rana da ƙarfe da adadin kuɗi da bakinsa kafin a ajiye waya. Dattawa da yawa suna fargabar cewa na'urar ba za ta gane Turancinsu ba. Ka kwantar musu da hankali, maganar wancan ɓangaren ce abin da ake bukata a rubuce, tasu kuwa kai tsaye take isa kunnen mai sauraro.

Tun 2018 FCC ta buɗe ƙofar amfani da na'ura mai gane murya ita kaɗai, ba tare da ma'aikacin da ke saurare yana mayar da maganar rubutu ba. Ta fi sauri, amma sunayen magunguna da muryar mai saurin baki suna kayar da ita. Kiran asibiti da na lauya, mutum nake zaɓa wa Kawu. InnoCaption tana bari a sauya daga wannan zuwa wancan ana tsakiyar kira. In ya ce ba ya son baƙo ya ji sirrinsa, gaya masa doka ta hana ma'aikacin bayyana abin da ya ji ko ajiye shi.

Abu ɗaya kuma ka faɗa masa tun ranar farko, kada ya sa rai: Turanci da Sifaniyanci sabis ɗin ya fi rubutawa, ban da Hausa. In ƙanwarsa ta kira daga Kumasi ko Zinder suka shiga Hausa, shirme kawai zai gani a allo. Kiran WhatsApp ma ba ya bi ta cikinsa. Don kiran WhatsApp na Turanci akwai Live Captions da Apple ta sa a iPhone tun 2022, da Live Caption na wayoyin Pixel, waɗanda ke rubuta muryar da ke fitowa daga wayar. Hirar gida kuwa mun mayar wa Kawu ita ta bidiyo, mai magana ya fuskanci haske, ya ga baki.

Sauran ƙanana ne. Ƙara girman rubutu, haɗa wayar da na'urar jinsa ta Bluetooth in tana da shi, nuna masa inda saƙon murya ke fitowa a rubuce. In wayar girke ce kuma jikoki za su yi kira da ita, su kashe maɓallin rubutun tukuna, domin doka ta keɓe shi ga wanda aka yi wa rajista kaɗai. Bayan mako ɗaya ka koma ka sake kiran tsohuwar lambar kana tsaye kusa da shi.