Yadda na kulle tsofaffin layuka a Excel ɗin shagonmu

Kullum da yamma yaron shagonmu a kasuwar Tahoua yana shigar da buhunan albasar da suka fita a Excel, manhajar teburin lissafi ta kwamfuta. Matsalar ita ce hannu kan zame ya taɓa layin watan jiya, bashin jika hamsin ya koma jika biyar, babu wanda ya lura sai ranar biya.

Abin da ya warware mini: a Excel duk gidajen tebur a kulle suke tun asali, amma kullin ba ya aiki sai an kare shafin. Don haka na zaɓi shafin gaba ɗaya, na danna Ctrl+1, a ƙarƙashin Protection na cire alamar Verrouillée, wato “a kulle”, tunda Excel ɗinmu na Faransanci ne. Sannan na zaɓi tsofaffin layukan kaɗai, na maida musu alamar. Daga nan na shiga Révision, na danna Protéger la feuille, wato kare shafin, na sa kalmar sirri.

Yanzu yaron yana rubutu a ƙasa, sama kuwa ko ya danna sai gargaɗi ya fito. Duk Asabar nakan cire kariyar, in kulle layukan makon, in sake karewa. Kalmar sirrin na rubuta ta a littafin bashi, domin Microsoft, kamfanin da ya yi Excel, ba ta dawo da wadda aka manta.