In ka je ƙasar ƙanƙara kar ka bi su saman dutse haka kawai

Jiya da daddare muna zaune wajen mai shayi a Samaru, hunturu ya sa kowa ya ƙudundune, sai wani ƙanina da ya samu gurbin karatu a Ostiriya yake nuna min bidiyon wasu samari suna zamiya a kan dusar ƙanƙara can saman dutse, ba hanya ba kowa, wai shi ma da ya sauka abin da zai fara kenan. Na ce masa Malam zauna tukuna. Na yi shekara biyu a can, kuma abin da na faɗa masa a kan zaftarewar dusar ƙanƙara, wato dusar ta ɓalle daga saman dutse ta binne mutum, shi zan maimaita a nan saboda yaranmu na ABU da ke fita Turkiyya, Kanada, Jamus da sauransu suna da yawa yanzu.

Wajen zamiya kala biyu ne. Akwai filin da ake biyan kuɗi a shiga, ma'aikata sun gyara shi sun sa alama, har bam suke tayarwa da sassafe su zubo da dusar da ke da haɗari kafin mutane su zo. Sai kuma bayan igiya, wato daji, inda ba mai gyara maka komai. Duk maganata a kan na biyun ce. In ko tsayuwa a kan siki, wato dogayen allunan da ake ɗaurawa a ƙafa a yi zamiya, ba ka iya ba to ka yi zamanka a filin kuɗi shekara ɗaya ko biyu, ba wanda zai ce ka gaza.

Yadda zaftarewar take faruwa shi ne abin da ya kamata ka fara ganewa. Dusa ba dunƙule ɗaya ba ce, hawa hawa ce, ta yau daban ta makon jiya daban. Ka baza gero a kan siminti ka shimfiɗa tabarma a kai sannan ka taka, me zai faru? To haka abin yake, akwai faifan dusa mai tauri a sama, a ƙarƙashinsa akwai wata mai gari gari kamar suga, nauyinka kaɗai ya isa ya karya ta ƙasan sai faifan gaba ɗaya ya tsage ya tafi da kai, cikin 'yan daƙiƙu gudunsa ya wuce kilomita 100 a awa. Kuma kusan 9 cikin 10 na waɗanda abin ya ci, su ne ko wani a cikin tawagarsu ya tayar da ita. Ba daga sama take faɗo wa mutum ba yawanci, shi ke zuwa ya taka.

Gangara mai digiri 30 zuwa 45 ita ce matattarar abin. In kana son ka kwatanta, kalli matakalar bene, to kusan tsayuwarta kenan. Ƙasa da 30 da wuya ta zafto, amma ka ɗaga kai ka duba abin da ke samanka, don kana iya tafiya a shimfiɗaɗɗen wuri ta sauko maka daga bisa. Ka kuma duba ƙasa, in ta kwashe ka ina za ta kai ka? Kwazazzabo ne ko bishiyoyi ko bakin rami? A kwazazzabo ko 'yar ƙarama ce sai ta binne mutum da zurfi.

Kullum kafin ka fita ka karanta sanarwar haɗari ta ranar. Mataki 5 ne, daga 1 zuwa 5. A Suwizalan cibiyar SLF da ke Dabos ce ke fitarwa, suna da manhaja White Risk, a Kanada akwai Avalanche Canada, ƙasashen Turai kowacce da tata. Abin da zai ba ka mamaki, ba a mataki na 5 aka fi mutuwa ba, a na 3 ne, don ranar 4 da 5 kowa na tsoro yana gida, ranar 3 kuwa rana ta fito gari ya yi kyau sai mutum ya ce ai tsaka tsaki ne. Kuma kar ka tsaya a lambar kawai, karanta bayanin, zai gaya maka wace fuskar dutse ce da matsala kuma daga wane tsayi.

In kun fita ido da kunne su yi aiki. Ka ga inda ta zafto jiya ko yau, wannan kaɗai ya isa hujja. Ka taka ka ji wani "wuf" a ƙarƙashinka kamar an zauna a tsohuwar katifa, ko ka ga tsaga ta fita daga ƙafarka ta yi gaba, to hawan ƙasan ne ya karye, ku juya. Ni sau ɗaya na ji wannan ƙarar wallahi har yau ina jinta a ƙirjina. Sabuwar dusa mai yawa cikin kwana ɗaya, ruwan sama, ko gari ya yi ɗumi farat ɗaya, duk alamu ne. Iska kuma, kun san yadda iskar hunturu ke tara ƙura da ledoji a bayan katanga, haka take kwasar dusa daga wannan fuskar ta jibge a bayan dutse, wannan jibgin shi ne faifan da ke jiranka.

Kaya uku ba a fita ba su: 'yar na'urar da ake ce wa bikon mai aika sigina da kuma nemo ta don a gano wanda dusa ta binne, sanda mai naɗewa ta caka dusa mai tsawon kamar santimita 240 ko fiye, da shebur na ƙarfe ba na roba ba. Bikon ɗin a jikinka ake ɗaurawa ƙarƙashin riga ba a jaka ba, duk na duniya a zango ɗaya suke magana, 457 kHz, kuma ka nisanta shi da wayarka don tana rikita shi. Akwai jaka mai balan balan da ke kumbura ta taimaka ka tsaya a sama, tana da kyau in kana da kuɗi amma ba ta maye gurbin ukun nan.

Dalilin kayan shi ne lokaci. Wanda aka tono cikin minti 10, kusan kashi 90 cikin 100 suna rayuwa, a minti 35 abin ya faɗo kusan kashi 30, numfashi ke ƙarewa. Dusar in ta tsaya daskarewa take kamar kankare, ko yatsa ba ka motsawa. Kaga kenan jirgin ceto ba zai riske ka ba, abokan tafiyarka su ne masu ceton. Shi ya sa ake tsallaka wuri mai haɗari ɗaya bayan ɗaya, sauran su tsaya gefe suna kallo. In ta kwashe wani ku riƙe inda kuka gan shi na ƙarshe, kowa ya juya bikon zuwa nema, wani ya kira 112 in a Turai ne, a bi sigina, a caka sanda, in ta taɓa shi a bar ta a wurin a fara tono daga gangaren ƙasa ana shiga ta gefe, fuska za a fara buɗewa a share baki da hanci. Kuma ku kalli sama kafin ku shiga, a Fabrairun 2020 a lardin Van na Turkiyya zaftarewa ta biyu ce ta faɗa kan masu ceto, mutum sama da 40 suka rasu.

Duk wannan ba a koyonsa a waya. Ka yi kwas, a Kanada AST 1, a Amurka AIARE 1 na kwana uku, a Ostiriya da Jamus ƙungiyar masu hawan dutse ta Alpenverein na koyarwa. Za su binne bikon a jaka su ce nemo, ranar farko na fi minti 20 ina zagaye kamar mai neman allura.

Abin da ya fi ba ni tsoro game da mu shi ne kunya. Kai kaɗai ne baƙar fata a tawaga, ba ka son a ce ɗan Afirka ya tsorata, sai ka yi shiru ka bi. Wani abokin karatuna ya taɓa ce min ai ya san dutsen nan kamar tafin hannunsa, na tambaye shi yau mataki nawa ne, ya ce bai duba ba. Na cire takalmana na koma ɗaki na dafa taliya. Ƙanin nawa dai ya ce zai fara da filin kuɗi, na ce ya sa safa biyu a jaka kuma ya nemi kwas ɗin tun watan Nuwamba don gurbi na saurin cika.