Yadda za ki shirya lambun gida kafin hunturu ya shigo Kumasi

'Yar uwa in kina da ɗan lambu a bayan ɗaki, kar ki bari sai Disamba ta kama, tun ƙarshen Nuwamba ake fara shiri. Hunturun nan ba sanyinsa ne matsala ba, bushewar iska ce, ƙasa ta tsage kamar diddigen da bai ga man kaɗe ba.

Farko ki tattara busasshen ganye, don Allah kar ki ƙona shi, lokacin gobara ne. Ki shimfiɗa shi a gindin tumatir da barkono da kontomire, wato gwaza da ake cin ganyenta, kaurin yatsa uku ko huɗu, amma kar ya taɓa jikin shukar. Ni garin katako nake karɓowa wajen kafintoci, ina zuba kashin kaji da ya daɗe a ƙarƙashi tukuna, ɗanye yana ƙona saiwa.

Ban ruwa kuma da asuba ko bayan la'asar, a gindi, sosai, ba yayyafi ba. Ki cika galan Kufuor biyu, wato jarkokin ruwan nan masu ruwan ɗorawa, ki ajiye saboda famfo ba shi da tabbas. Shuke-shuken da ke cikin bokiti ki ja su inuwa, ƙurar ganye ki wanke duk sati. Zogale kam ki sare kansa, zai tofo.