Kurakuran da ɗalibai ke tafkawa kan zuciya da jijiyoyin jini

Duk shekara idan jarabawa ta ƙarato nakan zauna da yaran unguwa masu shirin WAEC da masu neman shiga makarantar nas, kuma wallahi kuskuren da na gyara bara shi nake gyarawa bana, sai ka ce gadonsa ake yi. Ba wai ƙwaƙwalwa ce babu ba, hadda ce ta yi yawa, yaro zai jero maka sunaye kamar karatun allo amma ka ce ya ɗauki ɗigon jini ɗaya daga ƙafa ya bi shi har ya dawo ƙafar sai ya tsaya yana kallon silin.

Rikicin ma daga bakinmu yake farawa. Kalmar jijiya a Hausa komai take ɗauka, wadda jini ke gudu a ciki jijiya, wadda ke kai saƙo daga ƙwaƙwalwa jijiya, waccan mai taurin da ke maƙale maka a haƙori in kana cin tsire ita ma jijiya. Abu uku ne daban. In jini kake nufi ka ce jijiyar jini, sannan ka san wace iri, don su ma kala uku ne: atari, ben, da ƴan mitsi-mitsin da ake kira kafilari.

To a nan ne kusan kowa ke faɗuwa. An haddace cewa atari ita ce mai ɗaukar jini mai iskar oksijin, ben kuma mai ɗaukar wanda ya gama aiki. Ba da haka ake raba su ba, da inda suka dosa ake rabawa. Duk wadda ta ɗauki jini ta fita da shi daga zuciya atari ce, duk wadda ta dawo da shi ben ce, shikenan. Jijiyar da ke fita daga zuciya zuwa huhu atari ce amma jinin cikinta ya talauce da oksijin, ai neman iskar ma ya tafi yi, su kuma guda 4 ɗin da ke dawowa daga huhu ben ne amma jininsu ya ƙoshi da iska. Masu tsara tambaya sun san nan ne ramin shi ya sa suke son wurin. Ko a igiyar cibiyar ɗan tayi haka abin yake, ben guda ɗaya ce ke kawo masa jini mai iska daga mahaifa, atari biyu suna mayarwa.

Kuma don Allah jinin ben ba shuɗi ba ne. Masu zanen littafi ne ke shafa shuɗi don a bambance. Je ka asibiti a ɗebi jininka, daga ben ake ɗiba, ka kalli sirinjin za ka ga ja ne mai duhu.

Sai batun hagu da dama a zane. Zanen zuciya ana yin sa ne kamar majiyyaci na tsaye yana fuskantar ka, don haka damarsa tana hagunka. Yara da yawa sun san amsa sarai amma sai su juya lakabin su zubar da maki a banza. Ɗaga takardar ka manna bayanta a ƙirjinka, nan take za ka ga ina ne dama.

Ita kanta zuciyar ba a can hagu take ba inda ake dafewa. A tsakiyar ƙirji take, bayan ƙashin ƙirji tsakanin huhu biyu, tsininta na ƙasa ne ya karkata hagu shi ya sa ake jin bugun a can. Wannan ba na jarabawa kaɗai ba ne, in mutum ya yanke jiki ya faɗi zuciya ta tsaya, tsakiyar ƙirji ake dannawa, sau 100 zuwa 120 a minti, ba gefen nono ba.

Yanzu ga hanyar da nake cewa a bi. Ka ɗauki zuciya a matsayin famfo biyu da aka manne, kowanne da zaure a sama inda jini ke sauka da ɗaki a ƙasa mai tura shi waje. Jinin jiki ya shigo zauren dama ta manyan ben guda biyu, ya wuce bawul (ƙyauren da ke hana jini komawa baya) mai ganye uku ya faɗa ɗakin dama, a cilla shi huhu ya sha iska, ya dawo zauren hagu, ya wuce bawul mai ganye biyu wato mitiral, ya shiga ɗakin hagu, daga nan sai awota, babbar atarin jiki gaba ɗaya, ta raba wa kowa. Famfunan biyu tare suke bugawa, ba wai dama ta gama sannan hagu ta karɓa ba. Bangon ɗakin hagu ya ninka na dama kauri kamar sau uku, sai yara su ce ai don ya fi tura jini da yawa ne. A'a, adadin ɗaya ne, tafiyar ce ba ɗaya ba, na dama huhu ne nan kusa, na hagu sai ya kai har yatsan ƙafa. In ba ka yarda ba bari babbar sallah ta zo, kafin a jefa kayan ciki a kasko ka roƙi zuciyar ragon ka tsaga ta, ɗakuna 4 ne kamar tamu, ka taɓa bangon da hannunka, ka ga ƴan zaruruwan da ke riƙe bawul. Rabin awa da zuciyar rago ya fi maka sati kana hadda.

Tsakanin dama da hagu kuma bango ne, jini ba ya ɗiga ta ciki. Shekaru sama da dubu likitoci na bin maganar Galen, wani likitan zamanin Rumawa, cewa akwai ƴan ramukan da ido ba ya gani, sai Ibn Nafis, likitan da ya yi aiki a Alkahira ya rasu a 1288, ya ce babu, dole jinin ya zaga ta huhu. William Harvey na Ingila ya fitar da bayanin zagayen jini gaba ɗaya a 1628 amma bai ga inda atari ke haɗuwa da ben ba, sai a 1661 Malpighi ɗan Italiya ya hango kafilari a huhun kwaɗo da madubin likita. Kuma a kafilarin nan da ɗalibai ke rainawa ake ainihin cinikin, a ba nama iska da abinci a karɓi shara.

Wani abin da ake mantawa, zuciya ba ta cin abinci daga jinin da ke cike da ɗakunanta, tana da nata jijiyoyin, koronari, da suka tsiro daga gindin awota. Toshewarsu ce ke kashe wani sashe na namanta. Wannan daban da tsayawar zuciya, wanda matsalar lantarki ce, kuma lantarkin nata ba daga ƙwaƙwalwa yake zuwa ba, tana da ɗan janaretonta a bangon zauren dama, ƙwaƙwalwa sai dai ta ce ƙara gudu ko rage. Ƙwannafi kuwa ruwan ciki ne ke hawowa maƙoshi, amma ciwon ƙirji mai danna mutum kamar an ɗora bulo, da zufa, yana bin hannu ko muƙamuƙi, kada a tsaya jiƙa kanwa, asibiti za a nufa.

Ƙarar da likita ke saurara ma ba naman ne ke dukan ƙirji ba, bawul ne ke rufewa, biyu na tsakanin zaure da ɗaki tukuna sannan biyu na ƙofar fita. Kuma in za ka ƙirga bugun wani a wuyan hannu kada ka sa babban yatsa, yana da nasa bugun sai ka ƙirga naka ka rubuta wa majiyyaci. Manuniya da na tsakiya za ka ɗora a ɓangaren babban yatsansa, ka ƙirga minti guda cur, babba in yana hutawa 60 zuwa 100 ake nema.