Yadda na sa kibod ɗina ya riƙa ƙara kamar tsohon IBM

Ni fa tun da na sayi kibod ɗin roba ɗin nan nake jin kamar ba rubutu nake ba, shiru kawai, gashi ina son ƙas-ƙas ɗin tsohon kibod ɗin IBM Model M. Sai na sa bucklespring, wata manhaja mai kwaikwayon ƙarar wannan kibod ɗin, a Ubuntu 22.04 da umarnin sudo apt install bucklespring, na buga buckle a tamina (tagar rubuta umarni) don kunna ta, ko ƙyas babu.

Na ɗauka sifika ce, na cire waya na mayar, na ƙure murya, har hedfon na gwada, ashe duk ba nan matsalar take ba. Wayland ne, wato tsarin da Ubuntu ke nuna tagogi da shi a allo. Shi ba ya barin wata manhaja ta saurari maɓallan da kake dannawa a wata taga, shi kuma buckle ta tsohon tsarin, X11 (Xorg), yake sauraro. Na fita daga akawun, a shafin shiga akwai ɗan gear, alamar saiti, a ƙasa ta dama, na zaɓi Ubuntu on Xorg, ina shiga kuwa sai ƙara ta dawo.

Da dare ta yi yawa wallahi, yara na barci, sai na koma buckle -g 30 don rage ƙarar. In waya ta shigo kuma danna Scroll Lock sau biyu ya yi shiru.