Ajiyar Tsohuwa, Kurma da Kullen Makaho: Kurakuran Sababbin 'Yan Domino

Na gaji da ganin abu ɗaya kullum bayan isha'i a majalisarmu ta domino. Duk sabon hannun da ya zauna kan benci, kurakuran nan dai zai maimaita, har mun raɗa wa kowanne suna.

Babbansu shi ne "ajiyar tsohuwa". Mutum ya ɗebi 'ya'yansa bakwai, ya ga tagwayen shida, wato ɗa mai ɗigo shida a kowane baki, wanda Misirawa ke kira dush, sai ya ƙanƙame shi wai sai lokaci ya yi. Wane lokaci? 'Ya'yan domino 28 ne, guda 7 kacal ke ɗauke da shida. Sauran na sauka aka rufe bakinsu, naka ya mutu a hannu. Masu jin Sifaniyanci cewa suke an rataye shi. Ni an taɓa rataye min nawa a zagayen ƙarshe, ɗigo 12 ɗin nan su suka kai abokan karawarmu gaci, abokin wasana ya yi mako guda ba ya yarda a haɗa mu. Har yau abin na ci min rai. Tun ranar, ƙofa na buɗewa nake sauke tagwaye mai nauyi, ko da wasu na ganin gaggawa ce. Sai dai kada ka zarce ka zama abin da 'yan Kuba ke kira bota gorda, mai zubar da manya ba lissafi.

Sai "kurma". Abokinka ya ƙwanƙwasa tebur a kan huɗu, ya gaya maka ƙarara ba shi da ita, kai kuma ka dawo ka girka masa huɗu baki biyu! Haba malam, ina hankalinka? Yana kan waya? Kife ta. Ni duk wanda ya ƙwanƙwasa, sai na maimaita lambar a zuci sau uku kafin na taɓa ɗa.

"Kullen makaho" shi ne toshe wasa ba ka ƙirga ba. Jimillar ɗigo 168 ne. Cire na tebur, cire naka, ka san abin da ya rage a hannun mutum uku kafin ka kulle.

"Bajekoli" kuwa, mai riƙon da na gefe ke karanta masa 'ya'ya: jingina su a tafin hannu. Mai "ƙwanƙwasar ƙarya", wanda ya wuce alhali yana da abin sakawa, a wurinmu shi ke biyan kuɗin shayi.