Kurakuran da Aka Fi Yi Wajen Hure Datti da Iskar Kwampreso

Na gaji da ganin sababbin yaran gareji suna riƙe tiyon kwampreso, wato injin matse iska, kamar tsintsiya, shi ya sa na zauna rubuta abubuwan da sai da na sha wuya kafin na koye su.

Kuskuren da ya fi jawo mini asara shi ne rashin tsiyaye tanki. Iskar da aka matse tana sakin damshinta idan ta huce, ruwan ya kwanta a ƙasan tanki, ya gauraya da man da ke zurarowa daga fistin. Wata damina na kankare tsatsar ƙofofin ƙarfe shida, na hure su har suna ƙyalli, na fesa fenti, amma kafin mako biyu fentin ya yi ƙuraje yana ɓarewa, domin da hannuna na watsa wa ƙarfen ruwa da maiƙo. Daga aljihuna na sake aikin. Tun daga lokacin nake buɗe famfon ƙasan tanki kowace yamma, kuma kafin in fara aiki sai na hura iskar a kan farar takarda. Idan ta yi tabo, ba na taɓa ƙarfen.

Na biyu ganganci ne tsagwaronsa, wato mai walda ya kakkaɓe ƙura da iskar oksijin ta tukunyarsa. Oksijin ba iskar shara ba ce! Idan ta haɗu da giris ko baƙin mai, ko ta shiga tufafi, tartsatsi ɗaya ya isa mutum ya kama da wuta. Duk yaron da na gani yana haka, ranar ya bar mini wurin aiki.

Ƙarfin iskar ma ana wuce gona da iri. Dokar kare ma'aikata ta Amurka ta ce iskar shara kada ta kai psi 30 (psi ma'aunin ƙarfin matsin iska ne), alhali tankunanmu sukan haura 100, kuma a haka wasu ke hure jikinsu, ba su san iskar na iya kutsawa jini ta wani ɗan rauni ba.

Kada a juya boris da iska don jin ƙararsa, yana lalacewa, yana kuma iya tarwatsewa. Matatar iskar mota daga ciki ake hure ta zuwa waje, a hankali. Ƙurar birki kuwa ba na hure ta sam, da jiƙaƙƙen tsumma nake gogewa, sanye da tabarau da takunkumi.